Me Ya Sa Baki Ke Motsi Murya Tana Baya? Fashin Baƙi Kan Cikas ɗin Shirin Fodkas na Bidiyo na Farko

Saura kwana biyu mu miƙa aikin da malaminmu ya ba mu na haɗa shirin fodkas na bidiyo, sai muka zauna mu huɗu a gaban kwamfuta domin mu kalli abin da muka ɗauka tun daga farko har ƙarshe, kuma wannan ne karo na farko da muka yi hakan. A mintunan farko komai ya tafi daidai. Da aka kai tsakiyar hirar sai muka lura leɓen baƙonmu yana rufewa alhali muryarsa ba ta gama fita ba, kafin a kai ƙarshe kuwa tazarar ta yi faɗin da mai gabatarwa yake gyaɗa kai a kan maganar da mai kallo bai riga ya ji ba. Ban da wannan, akwai gurnanin fanka a ƙarƙashin kowace kalma, ga kuma wasu ratsi-ratsi masu duhu suna gangarowa a hankali a bangon da ke bayanmu. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da muka gani ko muka ji a ranar da muka yi ɗaukar.

Bayan na bi diddigin matsalolin ɗaya bayan ɗaya, na fahimci cewa kusan dukkansu a lokacin ɗauka ake haifar su, amma ba sa nuna kansu sai a lokacin tacewa, bayan baƙo ya koma gida, an mayar da makirufon da aka aro, kuma babu sauran damar a sake. Ɗalibai da yawa sukan ɗora laifin a kan rashin kayan aiki masu tsada, kuma mu ma abin da muka fara faɗa ke nan. A ganina wannan bayani bai kama gaskiya ba, domin wayar da ke aljihun ɗalibi a yau tana iya fitar da shiri mai kyau ƙwarai. Abin da ya ka da mu shi ne rashin sanin abin da na'urorin suke yi a ɓoye yayin da muke zaton suna ɗaukar abin da idonmu da kunnenmu suke shaidawa ne kawai.

Yana da kyau a tuna cewa fodkas da murya ya fara. Kalmar ta fito ne a watan Fabrairu na shekarar 2004, a wani rubutu da ɗan jarida Ben Hammersley ya yi a jaridar Guardian ta Ingila, inda yake neman sunan da zai dace da shirye-shiryen sauti da mutane suka fara sakawa a intanet. A shekarar 2005 kamfanin Apple ya shigar da fodkas cikin manhajarsa ta iTunes, daga nan ne abin ya bazu. Hoto daga baya ya biyo, ya zo ya zauna a kan ginin da murya ta riga ta kafa. Mu Hausawa ba ma buƙatar dogon bayani a kan wannan, tun da al'umma ce mu da rediyo ya raina. Sashen Hausa na BBC yana watsa shirye-shirye tun shekarar 1957, kuma mutane da yawa sun san masu gabatarwa shekara da shekaru ba tare da sun taɓa ganin fuskarsu ba. Kunnen da ya tashi a haka zai yi haƙuri da hoto mai hazo, amma ba zai zauna minti ashirin yana kokawa da muryar da ba ta fita ba. Duk da haka, a ranar ɗaukarmu mun kashe fiye da awa guda muna gyara zaman kujeru da labule, gwajin sauti kuwa bai wuce faɗin "ɗaya, biyu, uku" ba.

Babbar dokar sauti ita ce tazara. Ƙarfin murya yana raguwa da sauri yayin da ake nisa da bakin mai magana, ta yadda duk lokacin da aka ninka tazarar sau biyu, sautin da ke isa makirufo kai tsaye yana faɗuwa da kusan desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti). Idan makirufo yana taƙi ɗaya daga baki, wato kamar santimita 20, sai aka mayar da shi mita 2, an ninka tazarar sau goma ke nan, an kuma yi asarar desibel 20, wanda yake nufin kashi ɗaya cikin ɗari na ƙarfin sautin ne kawai yake isa. Amma ƙarar fanka da janaretan maƙwabta da hon ɗin babura a titi ba su ragu da komai ba, domin su sun riga sun cika ɗakin. Wayar da aka kafa nesa domin hoton ya ɗauki mutum biyu tana zaune ne daidai inda murya ta yi rauni, hayaniya kuma tana nan da ƙarfinta. Wani abin da ke ƙara dagula lamarin shi ne wayoyi suna daidaita ƙarfin sauti da kansu, saboda haka da zarar mai magana ya yi shiru sai wayar ta ƙara buɗe kunnenta tana neman abin ɗauka, gurnanin ɗaki ya taso, idan ya ci gaba da magana kuma ya sake lafawa. Wannan hawa da sauka ya fi gajiyar da mai sauraro a kan hayaniyar da take tsaye wuri ɗaya.

Dalilin da ya sa ba mu ji fankar ba a ranar ɗauka shi ne ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana tace abin da kunne ya kawo mata. Mutum yana iya zama a tsakiyar kasuwa ya bi maganar abokinsa sarai, domin kunnuwansa biyu suna gane inda kowane sauti ya fito, hankalinsa kuma yana watsar da abin da bai dame shi ba. Makirufo ba shi da wannan baiwa, duk abin da ya iso gare shi daidai yake da daraja a wurinsa. Saboda haka hanya ɗaya tak ta sanin abin da ake ɗauka ita ce mutum ya sa abin sauraro a kunne, ya ji da kunnen na'urar.

Haka zancen amsa-kuwwa yake. Ajin karatu da aka gina da bulo da siminti, ga tayil a ƙasa, ga tagogin gilashi, wuri ne da sauti yake dukan bango ya dawo sau da yawa kafin ya mutu, kuma makirufon da ke nesa ya fi ɗaukar dawowar fiye da muryar asali. Mun zaɓi aji ne domin yana da faɗi da haske, alhali ƙaramin ɗaki mai darduma da labule masu kauri da katifa a jingine da bango ya fi shi dacewa nesa ba kusa ba. Gurnani mai tafiya bai ɗaya ana iya rage shi daga baya. A manhajar Audacity, wadda kyauta ce kuma tana nan tun shekarar 2000, akan nuna mata 'yan daƙiƙoƙi na shirun ɗakin domin ta gane kamannin hayaniyar ta cire ta, shi ya sa masu sana'a sukan ɗauki shirun ɗaki na kamar rabin minti kafin kowa ya buɗe baki. Amsa-kuwwa kuwa muryar ce da kanta ta dawo a makare, don haka cire ta yana nufin yankar wani abu daga jikin muryar. Akwai sababbin manhajoji masu aiki da ƙirƙirarriyar basira da suke ƙoƙarin hakan ta hanyar sake gina murya, kuma mun gwada ɗaya daga cikinsu. Ɗakin ya yi tsit, amma a wasu wuraren baƙaƙen sun narke har ba a rarrabe su sosai. A harshen da bambancin kafa da ƙafa, ko daidai da ɗaiɗai, ya rataya a kan motsi ƙanƙane a maƙogwaro, wannan asara ce da ya kamata a saurara da kyau kafin a amince da ita.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne muna da makirufo na maƙalawa a riga, mun kuma maƙala shi, amma bai ɗauki komai ba. Kan wayar makirufo iri biyu ne da suke kama da juna ƙwarai. Ɗaya yana da zobe biyu baƙaƙe a jikin ƙarfensa, shi ne na kyamara da na'urar ɗaukar sauti, ɗayan kuma yana da zobe uku, shi ne wanda wayar hannu take ganewa. Idan aka cusa mai zobe biyu a waya, zai shiga daram, amma wayar ba za ta gane shi a matsayin makirufo ba, kuma ba za ta yi gargaɗi ba, sai ta ci gaba da ɗauka da makirufonta na ciki. Gwajin wannan bai fi daƙiƙa biyar ba: a fara ɗauka, a kankari kan makirufon da farce, sannan a saurara. Idan ƙarar kankarar ta cika kunne yana aiki, idan kuwa daga nesa aka ji ta, to ado ne kawai a jikin riga.

Akwai kuma kuskuren da ke ɗaya gefen, wato sauti ya yi yawa. Na'urar dijital tana da rufin da ba a wuce shi, wanda ake nunawa da sifili a kan ma'auninta, sauran lambobin duka suna ƙasa da shi. Muryar da ta daki wannan rufi takan fashe, kuma abin da ya fashe bai shiga fayil ba balle a maido da shi. Shi ya sa ake so magana ta riƙa kaiwa wajen 12 ƙasa da sifili, domin a bar wa dariya da ɗaga murya wuri. Mutane a gwaji sukan yi magana a hankali, amma idan hira ta yi daɗi sai murya ta tashi.

Matsalar da ta fi cin mana lokaci ita ce ta rabuwar hoto da murya, kuma ita ce ta fi cancantar a warware ta a tsanake. Bidiyo jerin hotuna ne tsayayyu da ake nunawa da sauri, masu sana'a suna kiran kowane ɗaya firam, kuma yawanci ana ɗaukar 24 ko 25 ko 30 a daƙiƙa guda. Sauti kuwa ana auna shi ne sau dubbai a daƙiƙa, sau 44,100 a tsarin faifan CD, sau 48,000 a tsarin da aikin bidiyo ya saba da shi. Ke nan shirin fodkas na bidiyo abubuwa biyu ne, kowanne da agogonsa, kuma muddin agogunan ba su tafi tare ba, to a hankali za su rabu. Da yake mun yi sa'a ɗaya daga cikinmu ya ajiye waya ta biyu a kan tebur tana ɗaukar murya, da ita muka maye gurbin sautin da ya lalace, kuma daga nan ne rabuwar ta bayyana.

Kyamarar sana'a idan an ce mata firam 30 a daƙiƙa, 30 ɗin za ta riƙa bayarwa daga farko har ƙarshe. Wayar hannu ba haka take ba. Idan haske ya ragu, ko ta yi zafi, ko wani aiki ya taso mata a ciki, takan rage yawan firam ɗin na ɗan lokaci, sai ta rubuta a cikin fayil ɗin lokacin da ya kamata a nuna kowanne. Manhajar kallo tana bin wannan rubutu, shi ya sa bidiyon yake tafiya lafiya lau a kan wayar. Amma wasu manhajojin tacewa sukan ɗauka cewa tazarar firam da firam ɗaya ce ko'ina, sai su jera su a haka. A ƙaddara waya tana rasa firam ɗaya kacal a kowace daƙiƙa goma. A hirar minti 20 an rasa firam 120 ke nan, wato daƙiƙa huɗu cif, kuma hoton zai riga murya ƙarewa da wannan adadi. A minti na farko ba a ganin komai, domin gibin bai taru ba, kuma wannan ne ya sa duk wanda ya duba farkon aikinsa kawai zai kwanta da tabbacin komai daidai ne.

Ko babu wannan, akwai ƙananan hanyoyin rabuwa. Abin da ake kira firam 30 sau da yawa 29.97 ne, gadon da aka samu daga shekarar 1953 lokacin da Amurka ta shigar da launi cikin talabijin ɗinta, kuma idan aka rikita su biyun ana samun gibin daƙiƙa 3.6 a awa guda. Idan aka karanta sautin 44,100 a matsayin 48,000, minti guda zai ƙare a cikin daƙiƙa 55 da ɗoriya, murya kuma ta sirance, ko da yake yawancin manhajojin yanzu suna gyara wannan da kansu. Sannan ko na'urori biyu masu saiti iri ɗaya ba sa ƙirga lokaci daidai da juna ɗari bisa ɗari, domin ƙaramin agogon da ke cikin kowacce yana da ɗan bambancinsa.

Mai karatu zai iya tambaya ko wannan ƙanƙanen bambanci yana da wani tasiri. Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, wato ITU, ta fitar da ma'aunin da ke nuna cewa mai kallo yakan fara gane matsala idan murya ta riga hoto da kusan kashi 45 cikin dubu na daƙiƙa, ko kuma ta makara da kusan kashi 125. Bambancin lambobin biyu yana da dalili. A rayuwa haske yana riga sauti isowa, shi ya sa ake ganin walƙiya kafin a ji tsawa, kuma wanda ya hango mai daka daga nesa zai ga taɓarya ta sauka kafin ƙarar turmi ta iso shi. Ido ya saba da muryar da ta ɗan makara, amma muryar da ta riga baki abu ne da bai taɓa gani ba. A tsarin firam 30, ƙasa da firam biyu sun isa a gane murya ta yi gaba, firam huɗu kuma sun isa a gane ta yi baya.

Maganin wannan tsoho ne, kuma ba ya cin ko sisi. Allon da masu shirya fim suke kaɗawa a gaban kyamara aikinsa ke nan, ya ba da lokaci ɗaya da ake gani a hoto ake kuma ji a sauti. Tafi ɗaya mai ƙarfi a gaban kyamara yana yin wannan aiki, domin yana fitowa kamar tsini a zanen sautin, sai a daidaita shi da firam ɗin da tafukan hannu suka haɗu. Abin da mutane ba su cika yi ba shi ne tafi na biyu a ƙarshen hira, wanda shi ne yake nuna ko an rabu a hanya da kuma yawan rabuwar. Kafin a fara tacewa kuma, a wuce da bidiyon waya ta manhaja irin HandBrake, wadda ita ma kyauta ce, a umarce ta ta mayar da yawan firam ɗin tsayayye. Mu ba mu yi tafi ko ɗaya ba, saboda haka sai muka bi hirar muna yanka sautin duk bayan minti ɗaya ko biyu, muna neman kalmomi masu harafin b da m inda leɓe yake haɗuwa, muna turawa da hannu. Dare guda cur ya tafi a kan abin da tafi biyu za su hana.

Ratsin da ke gangarowa a bango kuwa daga wutar lantarki yake. A Najeriya da Nijar da Gana, kamar a Turai, wuta tana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa, a Amurka kuma sau 60. Dogayen ƙwayayen fitila da wasu ƙwayaye masu araha na zamani suna ƙyaftawa sau 100 a daƙiƙa a kan wutarmu, abin da ido ba ya gani amma kyamara tana kamawa. Wayoyi da yawa suna zuwa a saitin firam 30, wanda ya dace da ƙasashen 60, saboda haka ƙyaftawar fitila da buɗewar kyamara sukan saɓa, sai ratsi ya fito. Idan aka koma firam 25, wato tsarin da gidajen talabijin ɗinmu suka taso a kansa, yawanci ratsin yakan ɓace. Idan da ƙaramin janareta ake aiki, wanda gudunsa yake hawa yana sauka gwargwadon nauyin da aka ɗora masa, ko wannan ba lalle ya wadatar ba, kuma hasken taga da safe ya fi kowace fitila aminci, da sharaɗin tagar tana gaban mai magana ko gefensa. Wanda ya ba taga baya zai fito kamar inuwa. Haka nan farar riga tas takan yaudari kyamara ta rage haske har fuskar mai duhun fata ta nutse, don haka a danna fuskar a kan allon waya a riƙe har ta kulle haske da saitin gani a kanta.

Zafi ma yana da nasa rabon. Kamfanin Apple ya bayyana cewa an ƙera wayoyinsa su yi aiki a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, alhali a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi zafin watan Afrilu yakan haura 40. Ga shi an kashe fanka saboda sauti, an rufe tagogi saboda hayaniya, waya tana ɗaukar bidiyo mai nauyi kuma wataƙila tana jikin caji. A irin wannan hali takan rage gudu, wanda shi ne ke jawo raguwar firam da aka ambata, ko ta dakatar da ɗaukar gaba ɗaya. Hatsarin yankewa ba zato ya wuce rasa ƙarshen hira, domin fayil ɗin bidiyo na MP4 yakan rubuta jadawalin abin da ke cikinsa ne a lokacin da aka tsayar da ɗauka, kuma idan batir ya mutu kafin nan ana iya samun fayil mai nauyi wanda ya ƙi buɗewa. Saboda wannan ne masu amfani da OBS, manhajar ɗaukar bidiyo a kwamfuta, suka daɗe suna ba da shawarar a ɗauka a tsarin fayil na MKV, wanda ba shi da wannan matsala. Ga mai waya, abin yi shi ne ya cire mata riga, ya sa ta a yanayin jirgin sama domin kada kira ya shigo, ya kuma raba hirar kashi-kashi na minti goma, kowane kashi da tafinsa. Katin memori mai girman gigabait 32 zuwa ƙasa yawanci yana zuwa da tsarin FAT32, wanda ba ya karɓar fayil ɗaya da ya kai gigabait 4, kuma wannan ne dalilin da filashi mai wuri fal yake ƙin karɓar bidiyo.

A wurin tacewa, kwamfutar ɗalibi ta kan sha wuya ne saboda yadda aka matse bidiyon. Sababbin wayoyi suna amfani da tsarin HEVC, wanda aka kammala a shekarar 2013, yana rage girman fayil sosai amma yana buƙatar ƙarfi wajen warwarewa, tsohuwar kwamfuta kuwa ta fi sabawa da H.264 na shekarar 2003. Juyawar nan da HandBrake tana maganin wannan ma a tafiya ɗaya. Ban ga dalilin da zai sa a ɗauki hirar mutum biyu a zaune a babban ma'aunin hoto na 4K ba, tun da na ƙasa da shi, wato 1080, ya isa har ya yi yawa ga wanda zai kalla a waya. Wani kuskure da na ga ya ka da wata ƙungiya a ajinmu shi ne sun miƙa fayil ɗin aikin tacewa a maimakon bidiyon da aka fitar. Fayil ɗin aiki takardar umarni ce kawai da ke cewa a ɗauko kaza daga wuri kaza a yanka a nan, saboda haka da aka buɗe shi a wata kwamfutar babu abin da ya fito sai sanarwar cewa ba a ga kayan ba.

Matakin ƙarshe shi ne ɗorawa, kuma lissafinsa yana da sauƙi idan an yi shi da wuri. YouTube yana ba da shawarar kusan megabit 8 a daƙiƙa ga bidiyon 1080 mai firam 30, wanda ya kama megabait 60 a minti, wato kusan gigabait 1.2 ga shirin minti 20. Gudun ɗorawa yawanci yana ƙasa da na saukewa, kuma a layin da ke ɗora megabit 2 a daƙiƙa wannan fayil zai ci minti 80, idan layin bai yanke ba. Sautin shirin kaɗai, a tsarin MP3 mai kyau, bai kai megabait 20 ba. Sannan sabon asusun YouTube da ba a tantance shi da lambar waya ba ba ya karɓar bidiyon da ya wuce minti 15, abin da mutane da yawa ba sa sani sai bayan data ta riga ta tafi. Wanda ya tura wa abokin aiki bidiyo ta WhatsApp a matsayin bidiyo kuma, manhajar za ta matse shi ta rage masa inganci, sai dai a tura shi a matsayin takarda.

Ina ganin akwai gyara ga yadda ake ba da irin wannan aiki a aji. Idan abin da ake nema daga ɗalibi shi ne shiri kammalalle a rana ɗaya, to karo na farko da zai bi hanyar daga ɗauka zuwa ɗorawa shi ne karon da makinsa ya rataya a kai, kuma duk ramin da ke hanyar a daren ƙarshe zai faɗa shi. Da za a nemi kowace ƙungiya ta fara miƙa gwajin minti biyar, wanda aka ɗauka a ɗakin da za a yi aikin, da wayar da makirufon da za a yi amfani da su, aka tace shi a kwamfutar da za a tace babban, aka kuma ɗora shi a inda za a ɗora, da matsalar zoben makirufo da ta fanka da ta ratsin fitila da ta fayil duk sun fito fili tun baƙo bai zo ba. Rabuwar hoto da murya ce kaɗai take buƙatar gwaji mai tsawo, domin sai ta taru ake ganinta, don haka a bar waya tana ɗauka na tsawon da shirin zai kai, a yi tafi a farko da ƙarshe, a duba.

Mun miƙa aikinmu a kan lokaci, da sautin wayar da ke kan tebur, da ratsin bangon da ba mu iya cirewa ba. A wurare uku da daidaitawar ta gagara, mun rufe fuskar mai magana da hotunan abin da yake bayani a kai, muka bar muryar tana tafiya a ƙarƙashi. Da muka zo shiri na biyu sai muka koma ƙaramin ɗaki mai darduma, muka fara da ƙarfe bakwai na safe kafin zafi ya taso, muka kuma ware mutum ɗaya wanda ba shi da wani aiki sai zama da abin sauraro a kunne. Hira ba ta yi minti uku ba ya ɗaga hannu ya tsayar da mu, domin makirufon baƙuwarmu yana gogar mayafinta duk lokacin da ta juya kai, sai muka matsar da shi muka sake farawa daga tafi.